Man Kaɗanya Ya Tafi Kasuwa, Ruwansa Ya Tsaya a Sauka Kahuta

Matafiyin da ya taso daga Kano zai je Minna a 'yan shekarun nan ba ya bin hanyar Birnin Gwari sai in dole ta sa, saboda abin da kowa ya sani na 'yan bindiga. Direbanmu bai ko nemi shawararmu ba. Daga Unguwa Uku ya miƙe Zariya, ya ratsa Kaduna, ya ɗauki hanyar Abuja har mahaɗar Dikko da ke kusa da Suleja, sannan ya karya dama. Daga nan sai Lambata, sai Paiko, sai gadar Chanchaga. Hunturu ne, hazo ya lulluɓe duwatsun ƙasar Gwari, ciyawar bakin hanya duk ta bushe, wata ma an riga an cinna mata wuta.

Tun daga Lambata ido ke fara sabawa da itatuwan kaɗanya. Manomi zai share gonar doyarsa ƙal, amma ya bar kaɗanya da ɗorawa tsaye a tsakiya, domin ya san abin da ya gada. Kaɗanya ba a cika dasa ta ba, da kanta take tsirowa. Sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, tana kuma iya kai shekara 200 tana bayarwa. A bakin titin kuwa ga buhunan gawayi jere ana jiran mai saye, kuma gawayin kaɗanya na cikin waɗanda aka fi so don yana jimawa yana ci. Itacen da kaka ta tsinci 'ya'yansa, jika ya sare shi a yini guda.

Hirar cikin mota ma a kan kaɗanyar ta tsaya. Kusa da ni akwai wani ɗan kasuwa mai sarin ƙwallonta daga ƙauyuka, ransa a ɓace. Ranar 26 ga Agustan 2025 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da cewa Shugaba Tinubu ya hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya zuwa ƙasashen waje na wata shida. Hujjar gwamnati ita ce, Nijeriya ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwallon da duniya ke samu, amma rabonta bai wuce kashi 1 ba a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5, saboda a waje ake tatsar man a ci ribarsa. Burkina Faso da Mali sun riga mu ɗaukar wannan mataki tun 2024. Ɗan kasuwar ya ce shi dai abin da ya gani, farashi ya faɗi warwas a hannunsa da hannun matan da ke tsintowa. Wani matashi daga kujerar baya ya ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, in aka tatsi man a gida ai mu ne za mu sami aikin yi." Suka yi ta ja-in-ja har muka shiga gari. An taɓo farashi, an taɓo dala, an taɓo aikin yi. Abin da ba wanda ya ambata shi ne ruwa.

A Sauka Kahuta na sauka, gidan wani ɗan'uwana da aiki ya kawo shi Minna ya zauna. Unguwa ce a kudancin gari, gefen titin da ya kewaye Minna ya nufi shataletalen Kpakungu. Gwarawa da Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Inyamurai duk suna zaune katanga ɗaya, Hausa kuma ita ce ta ciniki da gaisuwa. Bakin titi shaguna ne da masu gyaran mota da 'yan Keke Napep. Da ka kutsa ciki kwalta ta ƙare, sai jar ƙasa da lunguna, da kwatocin da kowane mai gida ya haƙa gwargwadon ƙofarsa ya bar wa maƙwabci sauran. Ruwan sha kuwa rijiya ce da burtsatse da 'yan garuwa masu kura.

Da asuba, muna dawowa daga masallaci, wani ƙauri mai ɗan ɗaci ya daki hancina. Ɗan'uwana ya ce maƙwabciyarsu ce, wata dattijuwa Banufiya, ta ɗora suyar kaɗanya. Da hantsi ya aika aka nema mana izini muka shiga. Na gaishe ta, na ce, "Inna, baƙo ne daga Kano, na zo ganin sana'a." Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, sana'ar wahala ka zo gani. Zauna nesa da hayaƙi."

Aikin ya faro tun damina, can ƙauye, inda mata ke fita da sassafe tsintar 'ya'yan da suka faɗo. A ci tsokar ko a cire ta, a tafasa ƙwallon don kada ya tsira, a shanya, a fasa, a ware ƙwaya daga ɓawo. Busasshiyar ƙwayar ce take sayowa buhu-buhu ta ajiye. Ranar aiki a farfasa ta a turmi, a soya a babban kasko, a kai inji a niƙa ta fito da kauri, baƙi-baƙi mai ja. A nan ne ainihin aikin ke farawa. 'Yan mata biyu sun durƙusa gaban baho, hannayensu cikin ƙullin har gwiwar hannu, suna bugawa suna juyawa, dattijuwar na ɗiga musu ruwa kaɗan-kaɗan, wani mai ɗumi wani mai sanyi. Bugun yana da sauti, faf, faf, faf, ba ya tsayawa. Sannu a hankali launin ya soma washewa, ya koma ruwan ƙasa, ya koma toka-toka. Can ta sa yatsa ta murza, ta ce, "Ya yi." Aka kwarara ruwa mai yawa a ciki, sai ga farin kumfa mai kauri ya taso sama ya rabu da sauran. Suka riƙa kwashe shi da tafin hannu suna zubawa a wani bahon, suka wanke shi, suka sake wankewa, sannan ya tafi tukunya a dafa shi har ruwan jikinsa ya ƙone, a tace, a bar shi ya daskare.

Kusan rabin nauyin ƙwayar kaɗanya mai ne, amma aikin hannu ba ya fitar da shi duka. Wani ya maƙale a cikin dusa, wani ya bi ruwa. Abin da ya rage a bahon farko shi ne ya ja hankalina: ruwa mai duhu, mai kauri, maiƙo na yawo a samansa, laka ta cika ƙasansa. Ga kuma ruwan wanki na biyu da na uku. In ka kwatanta da kwanon man da aka samu, ruwan ya ninka shi sau da yawa. 'Yan matan suka kama bahon su biyu, suka ja shi zuwa bakin rariya suka tuntsurar.

Na fita na zagaya bayan katanga inda rariyar ke fitowa. Ƙasar wurin ta yi baƙi, ta yi santsi, ta daskare, ko ciyawa babu. Daga nan ruwan ya bi kwatar lungu, ya yi 'yar tafiya ya tsaya, tunda rani ne babu ruwan sama da zai tura shi. Inda ya kwanta ya yi wata fata a sama, ƙasansa na tsartuwa da ƙananan kumfa, ga tsami ga ɗoyi, ga ƙudaje. Ba nisa da wurin akwai rijiyar wani gida. Na koma na ce mata, "Inna, ruwan nan fa?" Ta ce, "To ina zan kai shi, ɗana? A ƙauyenmu bayan gida muke zubarwa, fili ya shanye. Wani lokaci mu yayyafa wa bango da daɓe. Nan kuwa siminti ne ko'ina, maƙwabta kuma kullum sai sun yi magana."

Gaskiya ta faɗa. A arewacin Ghana, inda matan Tamale da kewaye suka shahara da wannan sana'a, an daɗe ana shafa wa bangon ƙasa ruwan kaɗanya don kada damina ta zaizaye shi, aikin da makuba ke yi wa magina a ƙasar Hausa. Sana'a ce ta daɗe ƙwarai. Ibn Battuta ya tarar ana amfani da man a daular Mali a ƙarni na 14, Mungo Park ma ya bayyana yadda ake yin sa a ƙarshen ƙarni na 18. Duk tsawon wannan zamani ruwan bai zama matsala ba, domin kaɗan ne, a warwatse, ƙasa kuma ga ta da faɗi. Abin da ya sauya shi ne yawa da cunkoso. Tun da Tarayyar Turai ta amince a shekarar 2000 a riƙa sa man kaɗanya da 'yan'uwansa har kashi 5 cikin 100 a cakulan, masu man shafawa kuma suka yi masa caa, buƙata ta hauhawa, sana'ar ta baro ƙauye ta shigo lungun birni.

Da yamma ɗan'uwana ya kira wani abokinsa, malamin kimiyyar sinadarai, ya zo muka tsaya bakin kwatar. Ya ce abu uku ke cikin ruwan nan. Na farko mai, wanda ke toshe ƙofofin ƙasa ya hana ta shan ruwa da iska, shi ya sa ciyawa ta ƙi fitowa. Na biyu sinadarin tanin, wannan dai mai baurin da ke cikin bagaruwa da majema ke jeme fata da shi. Shi ke ba ruwan duhu, shi ke hana iri tsirowa in ya yi yawa, shi ne kuma ya sa ba a iya ɗura wa dabba dusar kaɗanya yadda ake ba ta sauran dusa. Na uku ɓarɓashin ƙwayar kanta, wanda abinci ne ga ƙwayoyin bakteriya. Suna cin sa suna zuƙe iskar oksijin da ke cikin ruwa. Lita ɗaya ta ruwan rafi mai tsabta, a irin zafin ƙasarmu, oksijin da take riƙewa bai wuce miligiram 8 ba. Lita ɗaya ta ruwan kwatar gida kuwa tana cinye miligiram 200 zuwa 400 kafin dattinta ya gama ruɓewa, ruwan matsar mai kuma ya ninka haka sau da yawa. Ke nan baho guda ya isa ya shaƙe ruwa mai ɗimbin yawa. In oksijin ya ƙare kifi ya mutu, sai wasu ƙwayoyin da ba sa buƙatar iska su karɓi aikin, su ne masu fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kwatocin Minna kuwa ba a nan suke tsayawa ba. Da ruwan farko ya sauka za su kwashe abin da suka tara su miƙa wa rafukan da ke gangarawa kogin Chanchaga, waɗanda masu lambu ke ban ruwan alayyafo da su.

Sai ya aiki yaro ya samo gorunan roba uku na ruwan sha da aka yar, ya cika su da ruwan da ya rage a gidan dattijuwar. Na farko ya ajiye shi haka nan. Na biyu ya jefa masa ɗan garin alif, wanda wasu ke kira alam, da ɗan farar ƙasa, ya girgiza da ƙarfi, sannan ya riƙa juyawa a hankali. Na uku ya ɓare busassun 'ya'yan zogale, ya daka farar ƙwayar, ya dama ya zuba. Ya jera su kan dakali muka tafi sallar la'asar. Da muka dawo, na farkon ya fara rabuwa da kansa: mai a sama, laka a ƙasa, tsakiya har yanzu a gurɓace. Na alif ɗin kuwa dattin ya dunƙule ya sauka ya kwanta kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba, har kana hango yatsanka ta bayan goran. Na zogalen ma ya washe, ko da yake bai kai na alif ba. Amma duka biyun launinsu bai tafi ba, ja-ja ne har yanzu. Ya ce wannan shi ne tanin da sauran abin da ya narke, ba ya kwanciya, sai an bi da ruwan ta cikin yashi da gawayi, sannan a ba shi lokaci. Gawayin ma ba sai an sare itace ba, ɓawon ƙwallon da aka fasa ya isa, in aka ƙona shi yadda ya kamata yana tsotse launi da wari.

Ya tsuguna ya zana mana tsarin a ƙasa da tsinke. Rariyar ƙarfe ko buhu a bakin magudana don tare dusa. Rami na farko mai siminti inda ruwa zai kwana, laka ta sauka, mai ya taso a kwashe. Bututun da zai kai ruwan rami na biyu a saka shi a tsakiya, ba sama ba ba ƙasa ba, don kada ya ɗebi mai ko laka. Rami na uku tsakuwa da yashi da gawayi. In akwai fili, ƙarshe a bar ruwan ya ratsa wani ɗan kwari da aka shuka kacala ko jema, saiwoyinsu da ƙwayoyin da ke zaune jikinsu su ƙarasa aikin. Ruwan da ya fito ba na sha ba ne, amma zai shayar da itace, zai kwantar da ƙura, ba zai kashe rafi ba. Kuma abin da aka tare ba shara ba ne. Man da aka kwashe na masu sabulu ne. Lakar in ta bushe aka cura ta makamashi ce mai ci sosai, wadda za ta rage itacen da suya da dahuwa ke lashewa. Inda mata suka haɗu da yawa a wuri guda, ana iya gauraya ta da kashin shanu a rufaffen tanki ta ba da iskar gas ta girki. Ita kaɗai takan yi tsami da wuri ta kashe ƙwayoyin da ke aikin, shi ya sa ake haɗa ta da kashin. Dattijuwar, wadda ta fito ta tsaya tana kallon gorunan, tambaya ɗaya ta yi: "Malam, buhun siminti nawa zai ci?" Ko da aka yi mata lissafi, sai ta ce ita kaɗai ba za ta iya ba, amma in su biyar ne ko shida da ke wannan aiki a unguwar, ba zai gagara ba.

Daga Minna na wuce Bida. Mota ta tashi daga Kpakungu, ta wuce Gidan Kwano inda babbar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1983, ta bi ta Kataeregi. Bida garin Etsu Nupe ne, garin maƙeran tagulla da masu narka gilas na Masaga, kuma a nan cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, take da reshenta mai kula da itacen kaɗanya. Amma abin da matafiyi ke fara cin karo da shi ƙuli-ƙuli ne, wanda sunansa ya kai ko'ina a Nijeriya. Na leƙa wani gida da ake yin sa. An soya gyaɗa, an murje, an niƙa, ana juya ƙullin ana ɗiga ruwan zafi kaɗan har mai ya tsattsafo. Abin da ya rage tunkuza ce, a sa mata yaji da gishiri, a murza, a soya a cikin man da ta fitar. Bakin rariyar gidan ba abin da ke fita sai ruwan wanke-wanke. A nan na ga bambancin sana'o'in biyu. Saurar gyaɗa kuɗi ce, don haka ba mai zubar da ita. Saurar kaɗanya ba a san ta da kuɗi ba, don haka take bin kwata. Ranar da mai kaɗanya ta ga lakarta na rage mata kuɗin itace, maiƙon kuma mai sabulu na biya, ba sai jami'in tsafta ya zo da takardar tara ba.

Gaba da Bida, a kan hanyar Mokwa, akwai garin Kudu, inda a watan Agustan 2025 aka buɗe matatar man kaɗanya ta kamfanin Salid Agriculture, mai ƙarfin tan 30,000 a shekara. Irin wannan ake fatan gani da yawa, musamman a Jihar Neja da ta fi kowace jiha kaɗanya. Manyan masana'antu ba sa bugun hannu. Inji ke matsewa, a tsamo ragowar da sinadari, a tace man da soda, don haka ruwansu daban ne, mai sabulu da maiƙo, mai buƙatar tankuna da injin hura iska. Doka ta riga ta san da su: hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idojin 2009 da suka wajabta wa masana'antun abinci tace ruwansu kafin su sake shi, jiha kuma tana da tata hukumar, NISEPA. Malesiya ta bi ta wannan hanya da manja. Ruwan matsar kwakwa, wanda ƙarfinsa ya kai ninki 100 na ruwan kwatar gida, ya lalata mata koguna har sai da ta kafa doka a 1977 ta tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Duk Bakano ya san abin da ruwan majemun Bompai da Sharaɗa da Challawa ya yi wa Jakara da kogin Challawa, saboda an gina masana'antu aka ce maganar ruwa sai daga baya.

Babbar masana'anta tana da adireshi, mai duba gari ya san ƙofarta. Dubban matan da ke bugun kaɗanya a lunguna irin na Sauka Kahuta ba su da rajista a ko'ina, kuma su ne za su ƙaru in ƙwallon ya ci gaba da zama a gida. Da can muna sayar da ƙwallo, wani ya tatsi mai a ƙasarsa ya ji da dattinsa. Yanzu mun ce mu za mu tatsa, kuma daidai ne mu tatsa. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Don haka kirana ga gwamnatin Jihar Neja da ƙungiyoyin da ke raba wa mata injin niƙa da kaskon suya: duk cibiyar sarrafa kaɗanya da za a gina, a sa ramukan tace ruwa cikin zanen tun farko, kada a ba da injin sai da su. Malaman jami'a da ɗalibansu su fito da abin da suka sani daga ɗakin gwaji zuwa bakin kwata, su koya wa magina na unguwa yadda ake jera ramukan. Masu unguwanni su tara matan da ke wannan sana'a su nema musu fili guda a gefe, maimakon sauraron ƙarar maƙwabta kowace safiya. Aikin nan siminti ne da yashi da gawayi da 'yar kulawa, kuma yin sa yanzu ya fi arha nesa ba kusa ba a kan gyaran rijiyar da ta riga ta gurɓata.